Gurbin Kyandir Na Uku

Damagaram, Litinin 25 ga Nuwamba

Zuwa ga ɗiyata Jannatu,

Salamar Ubangiji ta tabbata gare ki. Ina gajiya, ina nauyin jiki? Ƙafafun suna kumbura har yanzu? Yaya mijinki Illiassou, ko har yau yana can bakin aiki Geskeru? Ni lafiya lau, sai gwiwar nan ta hagu da ta ƙi yarda cewa na yi ritaya. Ƙanena da iyalinshi suna kula da ni fiye da kima, ko tsintsiya ba sa bari in ɗauka, har na fara jin haushinsu.

Kada ki ce don me ban kira waya ba. Rezon waya a Diffa yau akwai gobe babu, kunnena kuma kin san halinshi. Takarda ta fi, in kin manta sai ki sake karantawa, ke kuwa mantuwa gare ki tun kina budurwa. Sule direban kar, babbar motar fasinjan nan, zai kawo miki ita tare da ƙunshi.

Lahadi mai zuwa Lokacin Jira zai kama, sati huɗun nan da muke shirya zuciya kafin Kirsimeti. Shekara goma sha tara ni ke saƙa gammon ganye na cocinmu na Diffa, bana ce ta farko da ba na nan, don haka buɗe kunnenki. Zoben ƙarfen mai gurbin kyandir huɗu yana bayan kabad, na naɗe shi cikin tsohon zane. Ranar Asabar da safe ki je lambun Ya Bintu a bakin kogin Komadugu, ki ce ni na aiko ki. Ba addininta ba ne, amma ta fi rabin ƴan cocin sanin ganyen da ake so: na lemo da na gwaba, ɗanye shar, don alamar ran da ba ya ƙarewa ne. Jan tattasai guda bakwai za ki soka a jiki, kada ki ƙara, ba kasuwa muka buɗe ba.

Ki tuna wa katikis, mataimakin Fada, ƴan waƙa su riƙe bakinsu, ba a rera waƙar Ɗaukaka sai ranar Kirsimeti. Bara saura kaɗan su ɓarke da ita, sai da na yi musu gyaran murya daga bencin baya. Komin da ake kwantar da jaririn Kirsimeti ma a bar shi wayam. Mutanen yanzu ba su iya jira ba, komai so suke su gan shi yau.

A cikin ƙunshin kyandir uku ne masu ruwan shunayya, launin tuba. Kowace Lahadi a ƙara kunna ɗaya. Kada ki zazzage ƙunshin kina neman cikon na huɗu, ba ɓata ya yi ba. Mai ruwan hoda, na Lahadi ta uku, Lahadin Murna, yana wurina. Ni ke kunna shi tun ba ki san hanyar Diffa ba, ni zan kawo shi da hannuna ranar sha huɗu ga wata. In na zo kuma ba na komawa sai kin yi arba'in.

Jannatu, rabin yaran garin Diffa a hannuna suka faɗo a matanite, asibitin haihuwa, Allah bai ba ni nawa ba. Kakarki da mahaifiyata ƴaƴan wa da ƙane ne, in aka bi dangi da nisa. Amma ran da kika sauka ƙofata da akwati ɗaya, an turo ki koyarwa garin da ba ki san kowa ba, ba uwa a duniya, ran nan nisan ya ƙare. Wannan cikin naki shi ne nawa jiran. Hannuna ne zai fara taɓa abin da ke ciki, ni zan yi miki wankan jego. Ki gaya mishi ya jira ni.

Innarki,
Uwani


Diffa, Litinin 2 ga Disamba

Innata ta kaina,

Na samu takarda da ƙunshi lafiya, na gode, Allah ya bar mini ke. Ina gwiwa? Ki gaida Kawu da iyali. Ni da sauƙi, ƙafafun dai sun zama kamar na giwa, takalmin Illiassou nake sawa. Shi bai samu izini ba, sai waya in rezo ya ga dama. A matanite sun ce wajen Kirsimeti ne ko bayanta kaɗan. Na kama konje, hutun haihuwa, daga makaranta tun Juma'a.

Inna, ban iya zuwa lambun ba. Kogi ya cika bana, hanyar Ya Bintu sai an tattare zane. Mama Saratu ce ta je. Af, ban gaya miki labarinta ba. Mutuniyar Najeriya ce, tana cikin waɗanda suka ƙetaro ruwa lokacin gudun nan, shekarunta da yawa a sansanin ƴan gudun hijira na Sayam. In ta samu mota takan shigo gari Misa, wataƙila kin taɓa ganinta, doguwa, kullum a bencin ƙarshe. Da Illiassou ya ce bai yarda in zauna ni kaɗai ba, Fada ne ya haɗa mu. Sati uku ke nan tana nan, na sauke ta a ɗakinki.

Ita ta saƙa gammon, don ni ko sunkuyawa ba na iyawa. Inna, da kin gani! Ta jera tattasai zagaye kamar murjani har ba a ganin ƙarfen. Na gaya mata bakwai kika ce, ta ce Ya Bintu kwando guda ta ba ta, kunya ba za ta bar ta ta mayar ba. Bayan Misa Fada ya ce bai taɓa ganin gammo irin wannan ba, mutane har hoto suka yi ta ɗauka.

Da aka kunna kyandir na farko cocin ya yi tsit. Wuta ɗaya tal, ga gurbi a gefe ba komai. Karatun ranar kan zama a faɗake ne, don ba wanda ya san sa'a. Ni kuwa a daidai nan abin cikin ya harbe ni, har na riƙe benci. Na yi shekaru ina jin ana cewa jira, sai bana na san a jiki yake.

Ƴan waƙa sun riƙe bakinsu, na isar da saƙonki. Katikis ya ce ko daga Damagaram tsoronki yake ji.

Matar nan ta zame mini uwa, Inna. Ita ke dafa abinci, ita ke matsa mini ƙafa da yamma, ko guga ba ta bari in ɗaga. Don haka ki kwantar da hankalinki, ba abin da na rasa. Ki lallaɓa gwiwarki, kada ki yi gaggawa.

Ɗiyarki,
Jannatu


Damagaram, Alhamis 5 ga Disamba

Jannatu,

Takardarki ta iso. Na gode Allah da kike lafiya. Gwiwata kuma, tunda kin damu da ita haka, tana gaishe ki.

Sau uku na karanta. Na farko da tabarau, na biyu na goge tabarau ko datti ne ya ƙara wasu kalmomi, na uku na ba matar ƙanena ta karanta mini da ƙarfi. Duka ukun abu ɗaya ya fito. Kin yi uwa, ba abin da kika rasa, kada in yi gaggawa. To madalla! Wata huɗu kacal da barina Diffa, ko wurin zamana bai huce ba.

Ɗakina kika ba ta. Gadon da na bari don in na zo in sami wurin miƙe baya. Ƙusar da nake rataye carbin rozari ita ma an ba ta, ko an bar mini wannan?

Na ce tattasai bakwai. Ba don rowa na faɗa ba. Lokacin Jira lokacin kamewa ne, shi ya sa Fada ke sa shunayya, shi ya sa ba a cika bagadi da furanni, ana rage komai don ranar ta zo da ɗanɗanonta. Ita ta tashi ta yi wa gammo kwalliyar amarya, ku kuma kuna tafi. Shi Fadan ma ya ba ni mamaki. Shekara goma sha tara ƙayar lemo na huda mini yatsu, ban taɓa jin ya ce sannu Uwani a gaban jama'a ba. Ba wanda ya ɗauki hoto.

Ita wannan Saratun, ta taɓa yanke cibi? Ta san kwanciyar ɗa in ta taɓa ciki? In abu ya rikice, Allah ya kiyaye, da tattasai za ta gyara shi? Matsa ƙafa kowa ya iya.

Tunda ba gaggawa, ba zan yi gaggawa ba. Sabuwar uwarki ta nemo muku kyandir na uku, mai hannu irin nata ba za ta rasa ba.

Uwani


Diffa, Litinin 9 ga Disamba

Innata,

Ina kwana, ina gwiwa, ina mutanen gida? Shiru ban ji daga gare ki ba. Na tambaya a tasha, an ce motar Sule ta lalace a Gure, bai dawo hanya ba tukuna, sai hankalina ya kwanta. Wannan wani direba zan ba.

Jiya aka kunna na biyu. Karatun kan Yohanna Mai Baftisma ne, mai kira a gyara hanya. Fada ya ce kowa ya duba wace hanya ce ta toshe tsakaninshi da ɗan'uwanshi, ya je ya share ta kafin Kirsimeti, ya kuma sa ranar furci, ta faɗin zunubai, Asabar mai zuwa. Na duba tawa zuciyar ban ga kowa ba sai Illiassou da bai zo ba, shi kuma ba laifinshi ba ne.

Ganyen ya ɗan yi laushi, Mama Saratu ta yayyafa mishi ruwa ta sauya na gwaban. Tattasan sun fara bushewa, in ka matso kusa sai atishawa. Katikis sau uku ya yi a tsakiyar sanarwa, yara suka yi ta ƙunshe dariya.

Kin san abin da matar nan ta yi? Kullum da safe sai ta fita ta dawo da itace a ka, ta tara shi bayan ɗaki har ya kusa kai taga. Ta ce na wankan jego ne. Ta wanke babbar tukunyarki ta kife. Ni kallo kawai nake.

Asabar zan zo tasha da kaina, ko da rarrafe ne. In kin samu kanwa mai kyau ki taho da ita, ta nan duk ƙasa ce. Saura kwana biyar.

Ɗiyarki,
Jannatu


Damagaram, Laraba 11 ga Disamba

Jannatu,

Lafiya lau nake. Ina fatan ke ma haka.

Na ga kin karanta takardata kin share, kin ci gaba da ba ni labarin Saratu. Ko kuwa ba ta iso ba, oho, duk ɗaya ne.

Itacen jego! Haba Jannatu. Ke ba ki san uwa ce ke tara wannan itacen ba? Tukunyata kuma ta wanke ta kife. To me ya rage in zo in yi? In zauna a bakin ƙofa kamar baƙuwa ana ce mini sannu da zuwa, a kawo mini ruwa a kofin baƙi?

Bari in faɗa miki gaskiya tunda takarda ba ta da ido. Kishi nake yi. Da tsufana, da furfurata, kishin matar da ban ma tuna fuskarta ba. In na kwanta sai in ga hannunta a ƙafarki. In na durƙusa addu'a sai in ga tattasai. Asabar da ta wuce na je furci a nan, na faɗi ƙananan abubuwa, na yi wa matar ƙanena tsawa, na yi gyangyaɗi a Misa. Wannan babban na fito da shi kamar yadda na shiga da shi, don in na faɗa za a ce in bari, ni kuwa ban shirya bari ba.

Tun watan jiya akwatina a ɗaure yake. Kanwar da kike tambaya tana ciki, da tawul, da man shanu, da ƴar rigar sanyi da na saƙa. Yau na kwance shi. Kyandir ɗin na mayar ƙasan kaya. Waya ma na kashe ta na jefa cikin kwalla, kada ki wahalar da kanki.

Kada ki je tasha ranar Asabar, ga nauyi ga sanyi.

Uwani


Diffa, Litinin 16 ga Disamba

Inna,

Ina gaisuwa. Jikina lafiya. Raina ne ba lafiya, kuma ke kika ɓata shi.

Na je tasha ranar Asabar. Mama Saratu ta ɗauko mini kujera a ka, muka zauna tun la'asar. Motar ta iso, kowa ya sauka, ina ta leƙen ɗankwalinki. Sai Sule ya zo ya miƙo mini takardu biyu, ta biyar ga wata da ta kwana a aljihunshi a Gure, da ta sha ɗaya. A nan cikin mutane na karanta su. Mama Saratu tana tambayata ina Inna, lafiya dai? Na ce gwiwa ce. Ƙarya na yi don in rufa miki asiri, ga shi ranar na fito daga furci.

Da na ce ba abin da na rasa, so nake ki yi barci. Na san ki, in na ce ina jin tsoro sai ki hau mota da gwiwar nan tun kafin lokaci. To yanzu ga gaskiyar, tsoro nake ji, kullum.

Ita kuma wadda kike kishi, bari ki ji. Ɗiya ɗaya gare ta. Ranar da suka gudo, ɗiyar tana da tsohon ciki, naƙuda ta kama ta a daji bayan sun ƙetare ruwa. Ba kowa sai Mama Saratu, ita kuwa ba ta san komai ba. A hannunta suka tafi, uwar da ɗan. Tun daga ranar in ta ji kukan mai naƙuda ba ta iya tsayawa a wurin. Ran da ta shigo gidan nan ta ce mini, zan yi miki komai, ban da ranar. Itacen da take tarawa, shi ne iyakar abin da ta iya. Ke take tara wa. A bangon madafa ta ja layuka da gawayi, kullum tana goge ɗaya, kwanakin zuwanki ne. Gadonki kuwa ko zama ba ta taɓa yi a kai ba, tabarma take shimfiɗawa a bakin ƙofa. Ƙusarki na nan ba komai a jiki.

Jiya Lahadin Murna. An duba duk garin Diffa ba a sami kyandir mai ruwan hoda ba, sai katikis ya kawo fari daga kanti, ya ce ai wuta wuta ce. Yana shirin kafa shi Mama Saratu ta taso daga bencin ƙarshe, matar da ban taɓa jin muryarta a coci ba, ta zo ta ɗora tafin hannunta a kan gurbin. Ta ce, "Wurin nan da mai shi." Katikis ya ce Misa ba za ta jira mutum ɗaya ba. Ta ce, "An ce mini tana zuwa." Ba ta ɗaga hannun ba.

Fada ya tsaya yana kallonsu. Can ya ce, to, ai Lokacin Jira muke ciki, a bar shi. Haka aka yi Lahadin Murna da wuta biyu da rami a gefe. Ana karanta mana cewa mu yi farin ciki, Ubangiji ya kusa, ni ina kallon ramin ina kuka. Kowa a cocin ya san na wane ne. Tsofaffin suna ta tambayata jikinki, na yi ta maimaita ƙaryar gwiwa.

Ba ni da uwa biyu, Inna. Ko ɗayar ma aro na yi, kin fi kowa sani. Cikin ya sauka ƙasa tun shekaranjiya. Ki zo.

Jannatu


Diffa, Juma'a 20 ga Disamba

Inna,

Ina fatan kina lafiya. Kwana huɗu ba amsa. A kwance nake rubuta wannan, ki yi haƙuri da hannun.

Na haihu jiya Alhamis da hantsi. Mace ce, lafiyarta lau, ni ma da sauƙi. Ba ta jira Kirsimeti ba, ba ta jira ki ba.

Da asuba abin ya fara. Ya Bintu ta samo mota. Illiassou daga Geskeru ya yi ta kiran wayarki, a kashe. Mama Saratu ta raka ni har ƙofar matanite ta tsaya nan, ta kama ƙarfen ƙofa. Faridatou ce a bakin aiki, wadda kika koya wa, tana ganina ta ce ina Madam Uwani?

Da abin ya yi tsanani na yi ta kiran Inna, Inna. Ke nake kira. Ita Mama Saratu ce ta shigo. Ta riƙe kaina, idonta a rufe, tana addu'a da yarensu har aka gama. Faridatou ta goge yarinyar ta miƙa mata. Ta daɗe ba ta karɓa ba, sannan ta karɓa.

Wanka Ya Bintu ke yi mini kafin a ga abin da hali zai yi. Mama Saratu na hura wuta.

Gurbin yana nan yadda yake. Jibi za a kunna na huɗu a tsallake shi, bayan Kirsimeti kuma a kwance gammon. Na gaya miki ne don ki sani, ban ce ki yi komai ba.

Jannatu


Cikin kar, bayan Gure, Asabar 21 ga Disamba

Ɗiyata Jannatu,

Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa. Rubutun nan a kan gwiwa nake yin shi, mota na tsalle, in kin ga layi ya karkace hanya ce.

Takardarki ta Litinin ta same ni tun Talata. Na karanta, na ɗaure akwati, na zauna a kai. Kunya ce ta hana ni tashi. Na ce gobe, gobe ta yi na ce jibi, ina neman fuskar da zan shigo da ita. Ta jiya Juma'a, da ta iso da dare, ita ta tashe ni. Ni da ke yi wa mutane faɗa ba su iya jira ba, ga shi na sa coci guda jirana, na sa ke, na sa baiwar Allah da ba ta ci mini komai ba. Wayar tana cikin kwalla lokacin da kike kirana. Shekara shida ina jiran wannan safiyar, na zauna a kan akwati ta wuce. Ba mai dawo mini da ita, na sani, kada ki ce komai don ki sanyaya mini.

Gobe labarin da za a karanta na sani, na tsohuwar nan Alisabatu ne da ƴar'uwarta Maryamu ta zo gaishe ta. Duk shekara ina jin shi ina gyaɗa kai, ina ganin ni ce tsohuwar mai buɗe ƙofa da murna. Ashe ban kai ba.

Ba zan yi miki ƙarya ba, kishin bai fita duka ba. Da na karanta cewa ita aka miƙa wa yarinyar, sai da wani abu ya soke ni a ƙirji. Amma na yi ta tunanin hannun nan nata, abin da ya riƙe a daji da abin da ya riƙe shekaranjiya. In dai ba nawa ba ne, gara nata. Ki gaya mata haka, ni bakina ba zai iya ba tukuna. Ki ce mata ta bar tabarmar nan ta hau gadon, ni zan kwana kusa da ke. Ruwan wanka kuma ni zan haɗa, Ya Bintu hannunta da zafi, na san ta.

Wannan takardar ba Sule zai kawo ba. In an miƙo miki ita, ina nan zaune a dakalin ƙofar gida da akwatina. Ki karanta tukuna. In kin ce in shigo, ki turo Saratu ta shigo da ni.

Sai maganar kyandir. Ban yarda in sa shi a akwati ba kada kaya su danne shi, sai na soke shi cikin riga, a ƙirjina, tun daga Damagaram. Yanzu na ciro in duba. Zafin jikina ya tausasa shi, ya lanƙwashe kamar ƙahon akuya. Na yi ƙoƙarin miƙe shi, na ga zai karye, na bari. Lagwanin dai lafiya lau. Ki aika a tambayi Fada ko ana karɓar shi haka, a makare, a karkace. In ya yarda, ni zan kafa shi a gurbin, ita ta ƙyasta ashanar.

Innarki,
Uwani